Kofur Irmiya da Bulon Toka

Kofur Irmiya tsohon soja ne, mutumin ƙasar Dass, wanda ya zauna a Bauchi bayan an sallame su daga yaƙin Bama, can ƙetare gaba da Indiya. Mutum ne mai basirar hannu, duk abin da ya ga an yi a gabansa sai ya yi irinsa. Ba ya shan giya, ba ya caca, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa guda ɗaya ne, shi ne riƙo. Idan ka ɓata masa rai ba zai ɗaga murya ba, ba zai zage ka ba. Murmushi zai yi ya ce ba komai, sannan ya ajiye abin a ransa ya yi ta juya shi har ya sami ranar ramawa. An taɓa yin wani maƙwabcinsa da akuyarsa ta cinye masa shukar kuɓewa. Irmiya ya ce ai dabba ce, a bar maganar. Da damina ta zagayo iska ta yaye rufin ɗakin mutumin, sai ya zo aron tsani. Irmiya ya dube shi ya ce tsanin ya karye, alhali yana jingine a bayan gida. Matarsa Liatu, uwar ɗansa Elias, ta ga wannan da idonta, tun daga ranar kuma take jin tsoron shirun mijinta fiye da faɗan kowa.

Sana'ar Irmiya ba irin wadda aka saba gani a garin ba ce. Lokacin da suke Indiya, kafin a tura su fagen daga, an sa rukuninsu aikin ginin bariki. A can ya ga magina suna yin bulo mai ƙarfi ba tare da siminti ba. Dutsen farar ƙasa suke ƙonawa, su jiƙa shi, su haɗa da tokar ɓuntun shinkafa da yashi, su buga, su turara. Ya zauna tare da su har ya iya. Da ya dawo gida ya tarar siminti sai wanda aka yo odarsa daga ƙetare, talaka ba ya iya kusantarsa, ɓuntu kuwa ga shi nan tsibi-tsibi a unguwar Fadaman Mada, mata masu surfen shinkafa suna zubarwa. Sai ya nemi fili a nan ya gina tanderu.

Dutsen daga wajen Gombe manyan motoci suke kawo masa, yashi kuma masu jakuna su ɗebo daga rafin Gubi. Idan ya ƙona dutsen sai ya zuba shi a rami ya kwarara ruwa. Nan take ramin zai ɗauki zafi, ya yi ta tafasa yana huci, sai an bar shi ya huce ya yi laushi kamar kindirmo. Shi kuwa ɓuntu a hankali ake ƙona shi, har tokar ta fito fara. Idan aka kwaɓa su da yashi aka buga, sai a jera bulon a cikin wani tsohon tankin ƙarfe a turara shi kamar dambu. A cikin zafi da laimar nan ne farar ƙasa da toka suke kama juna su zama abu ɗaya mai tauri. Masana kimiyya suna kiran wannan abu kalsiyam silikat, kuma shi ne ƙarfin da ke cikin siminti ma. Irmiya bai san wannan suna ba, amma ya san aikin ciki da waje.

Akwai abu ɗaya da ba ya wasa da shi. A kowace ƙuna akan sami waɗansu duwatsu da wuta ta ci su fiye da kima. Ko an jefa su a ruwa ba sa tafasa, sai su yi shiru kamar ba a taɓa su ba. Irmiya yakan kira su kurame. Yakan tsince su ɗaya bayan ɗaya ya zuba a wani rami a bayan tanderu. Ya taɓa gaya wa Liatu dalili. Ya ce kurman dutse yana jin ruwa, jinkiri kawai yake yi. Idan ya shiga cikin bulo sai ya kwanta har bango ya tashi, in damina ta jiƙa shi sannan ya fara kumbura daga ciki, ya fasa duk abin da ke kewaye da shi.

Abokin aikinsa wani magini ne ɗan cikin gari, sunansa Ɗanlarai. Mutum ne mai daɗin baki, ya san gidajen attajirai da na ma'aikata. Irmiya yana yin bulo, Ɗanlarai yana nemo aiki yana ginawa. A ƙarƙashin Ɗanlarai kuma akwai Andrawus, ƙanen Liatu uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ƙware wajen jera bulo da yaɓe, yana zaune kusa da su da matarsa Christiana da ƙananan 'ya'yansu. Zumunci ya ƙullu sosai. Da Babbar Salla naman layya yakan iso gidan Irmiya daga gidan Ɗanlarai, da Kirsimeti kuma Liatu takan aika da shinkafa da miya cikin gari. Sun gina shaguna da rijiyoyi da bandakuna, babu wanda ya taɓa tsagewa.

A shekarar 1959 labari ya cika gari cewa hanyar jirgin ƙasa tana tafe Bauchi, ga kuma mulkin kai ya ƙarato. Kowa mai hali ya tashi gini. Wani babban ɗan kasuwa, Alhaji Hammajoda, ya ƙudura gina katafaren sito na ajiyar gyaɗa da fatu a kusa da inda za a yi tasha. Siminti ya yi wuyar samu, sai aka ba shi labarin bulon toka. Ɗanlarai ya ɗauki bulo biyu ya kai masa ya gani, bai gaya wa Irmiya ba.

Irmiya a bakin masu jakuna ya ji labarin. Bai kawo komai a ransa ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya tafi gidan Alhaji, don yana ganin ya kamata mai sana'a ya gabatar da kansa. Ya tarar da zaure cike da mutane, Ɗanlarai yana zaune a kan darduma kusa da maigidan. Ya yi gaisuwa ya faɗi sunansa.

Alhaji Hammajoda ya ce, "Af, kai ne Irmiya? Yaron Malam Ɗanlarai mai hura masa wuta? Ya gaya mini kana da ƙoƙari wajen ƙona toka. Ka riƙe maigidanka da kyau, don wannan sana'a da ya gada daga kakanninsa ba kowa Allah yake ba wa ba."

Irmiya ya juya ya dubi Ɗanlarai. Yana jira ya ji ya ce a'a, Alhaji, ba haka ba ne. Ɗanlarai ya sunkuyar da kai yana gyara bakin hularsa. Wani daga cikin mutanen zauren ya ce a ba yaron goro mana, ya sha rana. Aka miƙo masa goro guda. Irmiya ya karɓa da hannu biyu, ya yi murmushi, ya yi godiya, ya fita.

Da ya isa gida Liatu ta ga fuskarsa, ta tambaye shi abin da ya faru. Ya gaya mata duka.

Ta ce, "Baban Elias, wannan cin amana ne, ban musa ba. To ka koma ka faɗa wa Alhaji gaskiya. Ka ce ya zo ya ga tanderun da idonsa. Ko ka kira Ɗanlarai ka zazzage shi son ranka, a wuce wurin."

Ya ce, "Ba komai."

Ta ce, "Wannan ba koman naka shi nake tsoro."

Ya ɗauki shebur ya nufi tanderu.

Ɗanlarai ya so ya yi aikin shi kaɗai. Ya gina nasa tanderun, ya ɗauki ma'aikata, ya kwaikwayi abin da ya saba gani. Amma ɓuntunsa ya fito baƙi, farar ƙasarsa ta ƙi yin laushi, bulon da ya buga kuwa da an ɗaga sai ya marmashe. Ya sake gwadawa, haka. Alhaji ya fara aiko masa da saƙo yana tambayar yaushe za a sa harsashi. Da ya ga ba mafita, sai ya zo Fadaman Mada da hantsi, ya tarar da Irmiya yana tankaɗe toka.

Ya tsaya a nesa kaɗan ya ce, "Kofur, na zo ne da kunya. Abin da na yi maka a zauren Alhaji ban kyauta ba. Kwaɗayi ne ya ja ni, bakina ya riga hankalina. Ka yi wa Allah ka yafe mini."

Irmiya ya ajiye rariya ya ce, "Haba Malam Ɗanlarai, ai na manta da wannan."

Ɗanlarai ya ce, "Aikin ya fi ƙarfina. Ka haɗa mini garin farar ƙasa da toka, ni in buga in turara a can. Duk abin da aka samu mu raba daidai kamar yadda muka saba. Kuma na yi maka alkawari, da zarar an gama gini ni da bakina zan gaya wa Alhaji wane ne mai sana'ar."

Irmiya ya ce, "Me ya hana ka gaya masa yau?"

Ɗanlarai ya ce, "In na faɗa yanzu zai ce maƙaryaci ne ni, ya ƙwace aikin, mu duka mu rasa. Ka bari a gama."

Irmiya ya gyaɗa kai ya miƙa masa hannu. Ɗanlarai ya tafi yana ta godiya, yana ganin an shirya. Shi kuwa Irmiya, wannan amsa ta ƙarshe ita ce ta ƙarasa ƙulla abin a ransa. Ya ce wa kansa mutumin nan ba tuba ya yi ba, buƙata ce ta kawo shi. Tunda ya ce sana'arsa ce ta gado, to bari duk gari ya ga yadda ginin gadon nasa zai tsaya.

Ya sauka ramin bayan tanderu ya kwaso kuramen duwatsun da ya tara shekara da shekaru. Ya daka su a turmin ƙarfe, ya niƙa, ya tankaɗe, har suka zama gari fari fat wanda ido ba zai bambance shi da na kirki ba. Duk buhun da zai tafi wurin Ɗanlarai sai ya barbaɗa masa wannan gari ya juya sosai. Buhunan sauran masu saye kuwa bai taɓa su ba. Yana aikin yana hango ranar da bangon zai tsage a gaban jama'a, Alhaji ya kama rigar Ɗanlarai, mutanen zauren nan su tsaya suna kallo. Tunanin nan ya fi masa abinci daɗi.

Bulon ya fito da kyau, fari, mai santsi, in an ƙwanƙwasa yana ƙara. A cikin rani aka yi ta gini. Bango ya tashi dogo, ya fi duk na unguwar tsawo, aka ɗora manyan katakai aka buga kwano. Mutane suna zuwa kallo suna yaba wa Ɗanlarai. Alhaji Hammajoda ya ce ba za a buɗe siton ba sai ranar bikin samun mulkin kai, a yanka sa, a tara jama'a. Irmiya yakan bi ta wurin da yamma, ya tsaya ya shafa bangon, ya wuce.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar 1960. Da ruwa ya zauna sosai sai bangon gabas, wanda ruwa yake duka, ya fara fitar da waɗansu ƙuraje. Yaɓen yakan ɓalle a wuri ɗaya, a ga farin gari a ciki. Daga nan tsaga ta bayyana, siririya kamar zare, ta fara hawa sama. Ran da Irmiya ya fara ganinta ya dawo gida yana fito, har ya sayo wa Liatu tsire.

Alhaji ya kira Ɗanlarai ya ce a gyara kafin biki. Ɗanlarai ya sa Andrawus da waɗansu leburori su riƙa lilliƙe tsagar. Suna liƙewa tana sake buɗewa. Wata ranar Juma'a Andrawus ya zo gidan yayarsa da gutsuren bulo a hannunsa, ya sami Irmiya a tsakar gida yana gyaran rariya.

Ya ce, "Yaya, dubi abin nan. Tun da nake aiki da bulonka ban taɓa ganin haka ba. Kamar wani abu ne yake tura shi daga ciki. Jiya ina kan tsani na ji bangon yana ƙara. Malam Ɗanlarai ya ce in tambaye ka, kai ka fi mu sani."

Irmiya ya karɓi gutsuren ya juya shi. Ya ga fararen ɗigo-ɗigo sun kumbura, ya san ko mene ne. Ya dubi surukinsa, mutumin da ya yi masa ɗawainiya lokacin da ya yi jinyar ƙafa, wanda bai taɓa yi masa laifin komai ba. Kalma ɗaya ta isa ta hana shi komawa ƙarƙashin bangon. Amma in ya faɗa, za a tambaye shi yadda ya sani, za a rushe bangon a ɓoye a sake wani, Ɗanlarai kuma ya tsira daga kunyar ranar biki.

Ya ce, "Harsashi ne yake zama. Sabon gini yakan yi haka. Ku ci gaba da liƙewa."

Andrawus ya ce, "To alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta." Ya sha ruwa ya yi wa yayarsa sallama ya tafi.

Liatu tana bakin murhu, ta ji komai. Tun da rani ta lura ramin bayan tanderu ya zama wayam, ta kuma ga farin gari a turmin ƙarfe, amma ba ta haɗa zancen ba sai yau. Ta taso ta tsaya a gabansa.

Ta ce, "Baban Elias, ina kuramen da ke cikin rami?"

Ya ci gaba da gyaran rariyarsa.

Ta ce, "A cikin bangon nan suke. Kai da bakinka ka gaya mini abin da suke yi. Kuma ka dubi idon ƙanena ka ce ya koma ya hau tsani!"

Ya ce, "Rage murya. Bangon ba zai faɗi ba, tsagewa kawai zai yi. Ni na san yawan abin da na zuba. Kunya nake so ya sha, irin wadda na sha. An kira ni yaro a gaban mutane, an ba ni goro, yana zaune bai ce uffan ba."

Ta ce, "Andrawus ne ya ba ka goron? Wallahi in ba ka je ka faɗa ba, ni zan je."

Da ya ga da gaske take, sai ya sassauta. Ya rantse mata bangon zai kai ƙarshen damina a tsaye. Ya ce ta bari ranar Lahadi bayan an tashi daga coci zai je ya sami Ɗanlarai su yi magana ta maza. Ta yarda, domin shi ne masanin aikin, kuma mijinta ne. Lahadi ta zo, aka tashi daga coci, ya ce kansa yana ciwo, ya kwanta. Ba ciwon kai ba ne. Biki ya kusa, shi kuwa ba ya son ya rasa abin da ya daɗe yana jira.

Ranar Litinin aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Liatu ba ta sake yi masa magana ba. Ta yafa buhu a kanta ta kama hanyar siton da ƙafa, tana kutsawa cikin taɓo. Ta hango ginin ke nan sai ta ji wata ƙara kamar tsawa. Bangon gabas ya bankaro ta tsakiya, ya rufta ciki, katakai da kwano suka bi shi.

Andrawus yana kan tsani a ciki lokacin. Ɗanlarai ya ga bangon yana motsi, ya kori leburori waje, ya koma da gudu don ya janyo shi, bai kai ba. Jama'a suka taru suna tono da hannu, Liatu tana cikinsu, farcenta yana zubar da jini. An fara zaro Ɗanlarai da rai, ƙafafunsa biyu a murƙushe. Da aka kai ga Andrawus ya riga ya cika, cokalin yaɓe yana hannunsa.

Duk gari ya ɗora laifin a kan Ɗanlarai, tunda kowa ya san shi ne mai bulon. Aka ajiye ɗan doka a bakin gadonsa a asibiti. Alhaji Hammajoda ya rantse sai ya ga bayansa. Mutanen da suke yaba masa jiya suka koma tsine masa. Abin da Irmiya ya nema ya samu, har ya wuce yadda ya nema. Amma bai buɗe baki ba. A wurin jana'iza yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawa. Ya tsaya a bakin kabari ana waƙa, Christiana tana birgima a ƙasa, 'ya'yanta suna riƙe da zanen Liatu. Ita Liatu ba ta yi kuka ba. Mijinta take kallo, tana jira ta ga ko zai yi magana. Aka rufe kabari, ya karɓi gaisuwar mutane, ya ce haƙuri sai mu duka.

Washegari ta ɗaura zane ta tafi wurin 'yan doka. Ta kawo su har Fadaman Mada, ta nuna musu ramin da babu komai a ciki, ta nuna musu turmin ƙarfe da ragowar garin da ya maƙale a gindinsa. Irmiya yana tsaye yana kallo.

Ya ce, "Liatu, ni za ki yi wa haka?"

Ta ce, "Da ina da abin da ya fi haka, da shi zan yi maka."

A kotu aka kawo wani injiniya ya duba gutsattsarin bulon da garin turmin, ya tabbatar abu ɗaya ne. Ya kuma duba waɗansu gine-ginen da aka yi da bulon Irmiya a baya, ya ce lafiyarsu ƙalau. Liatu ta ba da shaida tun daga ranar zaure har zuwa zuwan Andrawus da gutsuren bulo, ba ta rage komai ba, har da yardar da ta yi ta jira Lahadi. Aka shigo da Ɗanlarai a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Ya amsa cewa ya yi ƙarya a gaban Alhaji, sana'ar ba tasa ba ce. Alƙali ya tambayi Irmiya ko yana da abin cewa.

Ya ce, "Ban nufi kowa ya mutu ba. Ɗanlarai kaɗai na nufa."

Ɗanlarai ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "To ga ni, Kofur, ka same ni. Ba zan sake taka ƙasa ba. Da ka zo ka mare ni a tsakiyar kasuwa, da na ce na cancanta. Shi Andrawus fa, me ya yi maka?"

Aka yanke wa Irmiya ɗauri mai tsawo. Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, gari ya cika da kiɗa da guɗa, shi yana gidan yari yana jiyowa ta bayan katanga. Maganar injiniya kuwa ba ta hana mutane tsorata ba. Masu shagunan da aka gina da bulon toka suka riƙa rushewa suna sakewa, babu wanda ya ƙara yarda da shi. Tanderun ya cika da ciyawa, ɓuntu ya koma juji kamar da. Ɗanlarai ya ƙarasa rayuwarsa a zaune a ƙofar gida, yana saƙar igiya.

Bayan shekaru aka saki Irmiya, furfura ta cika masa kai. Ya tarar an sayar da gidan. Aka ce masa Liatu ta koma ƙauyensu a ƙasar Dass da ɗansu Elias, suna zaune tare da Christiana suna noma, suna riƙon marayun. Ya bi ta can. Ya same ta a gindin ɗorawa tana sussukar dawa. Ta dube shi, ta shiga gida ta kawo masa ruwa a ƙwarya kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ta koma kan aikinta.

Ya ce, "Liatu, na sha hukuncina. Ba za ki yafe mini ba?"

Ta ajiye sanda ta ce, "Kofur, kowace Lahadi ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe maka. Har yau bai ba ni ba. Da can ni ba mai riƙo ba ce, a gidanka na koya. In ka sha ruwan ka kama hanya, kada Christiana ta dawo daga gona ta same ka."

Ya sha ruwan, ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya juya ya bi hanyar da ya zo.

Ya kai mai karatu, an zalunci Irmiya, wannan gaskiya ne, kuma Ɗanlarai ya ɗanɗana sakamakon ƙaryarsa. Amma Irmiya yana da hanyoyin neman haƙƙinsa a fili, ya bar su ya zaɓi ramuwa a ɓoye. Mai ramuwa yana ganin shi ne zai auna iyakar ɓarnar da zai yi, alhali da zarar ya sake ta ba ya da iko a kan inda za ta faɗa, sau da yawa kuma wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi take fara samu. In an ɓata maka, ka faɗa tun abin yana ƙarami, a gaban wanda ya yi maka. In ba za ka iya faɗa ba, ka yafe da gaske. Kuma duk ilimin da Allah ya ba ka, na gini ne ko na magani ko na wani abu, amana ce ta mutanen da za su dogara da aikin hannunka. Kada ka mai da shi makami, domin ranar da ka yi haka za ka rasa sana'ar, ka rasa mutuncinka, ka kuma koya wa na kusa da kai ƙiyayyar da a kanka za ta ƙare.